Cesária ta mutu a gida, Connery tokarsa ce ta koma

Bana shekarata goma sha ɗaya a Rotterdam, a ƙasar Holan. Maƙwabcina na hawan ƙasa dattijo ne ɗan Cape Verde, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin jirgin ruwa kamar yawancin mutanensu da suka fara sauka garin nan. A bangon falonsa akwai takardar kuɗi ta eskudo 2000 da ya rataye cikin gilashi, da fuskar wata tsohuwa a jiki. Na tambaye shi ko matar wani shugaba ce. Ya girgiza kai, ya ce Cesária Évora ce, mawaƙiyarsu, ya kunna mini muryarta. Tun ranar nake auna rayuwarta da ta wasu taurarin da ajali ya riska a tsibiran ƙasashen zafi, kuma awon kullum a kaina yake ƙarewa.

An haife ta a Mindelo, a tsibirin São Vicente, a 1941. Mahaifinta ya rasu tana shekara 7, talauci ya sa aka kai ta gidan marayu, tana shekara 16 ta fara waƙa a mashayun bakin teku inda ma'aikatan jirgi ke yada zango. Ba ta tara komai ba. Bayan ƙasar ta karɓi 'yanci daga Fotugal a 1975, sai ta ajiye waƙar kusan shekara goma. Faifanta na farko da aka yi a Paris ya fito a 1988, tana da shekara 47, shekarun da a wurinmu za a ce mace ta koma ta yi renon jikoki. Na 1992 shi ya buɗe mata duniya. A cikinsa akwai Sodade, waƙar begen gida, kan mutanen da aka riƙa kwasa zuwa São Tomé aikin gonakin koko. A 2004 ta ci kyautar Grammy. Duk dandalin da ta hau, ba takalmi take hawa.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba ta taɓa yin ƙaura ba. Kuɗin a Turai da Amurka yake, ta je ta ɗebo, ta koma Mindelo, ƙofar gidanta a buɗe, mai shiga ya shiga ya ci abinci. An yi mata aikin zuciya a Paris a 2010, a Satumbar 2011 ta ce ta daina waƙa, ranar 17 ga Disamba ta cika a garin da aka yanke cibiyarta, tana da shekara 70. Cikin 'yan watanni aka sa wa filin jirgin saman tsibirin sunanta. Ƙasa ce mai mutum wajen rabin miliyan, amma ta san wanda ya kai sunanta inda jakadu ba su kai ba. Mu fa? Mamman Shata ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a Kano a 1999 aka kai shi Daura. Har gobe akwai masu kiran irinsu maroƙa da bakin raini. A takardun naira, Ladi Kwali mai ginin tukwane ta samu wuri a bayan naira 20, kuma ta cancanta, amma mawaƙi ko ɗaya bai samu ba.

Sai Sean Connery. Shi ma ɗan talakawa ne, daga unguwar ma'aikata a Edinburgh, babban birnin Sikotilan, yana yaro raba madara gida-gida yake yi. A 1962 ya zama James Bond na farko a silima, fim ɗin ma a Jamaika aka ɗauki wani sashensa. Ya ci Oscar a 1988, Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 2000. Kishin Sikotilan kuwa har zanensa ya yi a hannu, ya zuba kuɗi a jam'iyyar masu neman ɓallewa daga Birtaniya. Amma zamansa a Lyford Cay yake, wata unguwar attajirai mai shinge da masu gadi a Bahamas, ƙasar da ba a karɓar harajin kuɗin shiga. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar a 2014 bai da damar jefawa, don ba mazaunin ƙasar ba ne. Mutanensa sun sha yi masa gorin gudun haraji, shi kuma ya sha musantawa. A can ya rasu cikin barci ranar 31 ga Oktoba 2020, yana da shekara 90. Aka ƙone gawar, tokar ce aka mayar Sikotilan.

Da farko na ɗora masa laifi. Daga baya na duba na ga halinsa ya fi kusa da nawa a kan na Cesária, in ka cire dukiyar. Mu da ke nan, siyasar gida muke kwana muna tashi da ita a WhatsApp, ba mu da ƙuri'a, ba ma shan zafin rashin wuta, ba ma bin layin mai. Son da muke wa gida na gaskiya ne, ban yarda a ce ƙarya ba ne. Sai dai so ne da ba ya cin mana komai sai kuɗin da muke turawa ƙarshen wata.

Akwai kuma wadda tsibiri bai zame mata gida ko masauki ba. Aaliyah, mawaƙiyar Amurka, aiki ya kai ta tsibirin Abaco a Bahamas, ɗaukar bidiyon waƙa. Ranar 25 ga Agusta 2001 ƙaramin jirgin da zai mayar da su Florida ya faɗi yana tashi daga Marsh Harbour, an yi masa lodin da ya wuce ƙima, mutum tara duk suka mutu. Shekararta 22. Irin wannan ba a tambayar me ya sa ba ta koma gida ba, ƙasar can ce ta kira ta, kuma ba wanda ya san ƙasar da za ta karɓe shi. Na yi imani da haka. Amma inda mutum zai zauna da ransa da lafiyarsa, wannan an bar masa zaɓi, kuma nan ne nake ganin Cesária ta fi Connery, ta fi mu.

A nan Holan yawancin kaburbura haya ake yi na wasu shekaru, in wa'adi ya cika ba a sabunta ba ana iya kwashewa. Shi ya sa 'yan Maroko da Turkiyya da yawa suke biyan inshorar mayar da gawa gida. Mu in an yi rasuwa sai gardama ta tashi: wasu su ce a gaggauta sutura a nan kamar yadda addini ya so, wasu su ce a yi karo-karo a sa shi a jirgi. Na zauna irin wannan zama sau uku. Duk ukun, mamatan sun sha gaya mini da bakinsu cewa saura shekara biyu su tattara su koma, da zarar an gama ginin, da zarar yaran sun gama makaranta. Ɗaya a cikinsu ginin ya kammala har da fenti, bai kwana a ciki ba ko sau ɗaya.

Dattijon nan na ƙasa shi ma haka yake cewa, kuma ya haura saba'in. Ni ma ginina yana nan a Zariya, an kai linta shekara huɗu ke nan. Makon jiya Hajiya ta kira, bayan gaisuwa ta ce mangwaron da na dasa a filin kafin in taho ya fara 'ya'ya, yaran unguwa ne ke sha. Ta tambaye ni ko da babbar Sallah za a gan ni. Na ce mata in sha Allahu, na ajiye waya, na buɗe kalandar wurin aiki na fara ƙirga kwanakin hutun da suka rage mini.