Yaron ba a yanke masa hukunci ba, mu masu kai tuwo ma ana wulaƙanta mu

Wallahi yau raina ya ɓaci. Tun asuba na baro Agege da kwanon tuwo da miyar kuka, zan kai wa ɗan yayana da ke tsare a wani gidan yari a nan Legas. Ɗan acaɓa ne, a samame aka kwashe shi, ya fi shekara yana jiran shari'a. Kullum zancen ɗaya: fayil na jiran shawarar lauyan gwamnati.

Sai da rana ta gasa mu a layi. Da na iso gaban tebur na ji gandiroban yana waya da Hausa, har na ji sanyi a raina, na ce ga ɗan'uwa. Na ce, "Barka da aiki, Yallaɓai." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya jawo kwanon, ya ɗauki wani cokali da ya gama yawo a cikin abincin kowa, ya shiga farfasa tuwon. Na ce, "Yallaɓai, ga mai tsabta nan na zo da shi." Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Baba, otal ka zo? Da kun ba shi tarbiyya ai da ba ka zo nan ba." Na ce, "Ko alƙali bai ce ya yi laifi ba." Ya yi dariya, ya ture kwanon da bayan hannu har miya ta zubo mini a riga, ya ce, "To je ka gaya wa alƙalin. Ina na goro?"

Na goron me? Na miyar da ka zubar, ko na zagin? Gandiroban da a haife na haife shi! Haka na miƙa masa, don in na ƙi, gabza, abincin gidan yari, ɗanmu zai kwana a kai.

Amma wa ya ɗaure wa irinsu gindi? Tun 1872 Turawa suka gina kurkukun Broad Street a nan Legas domin mutum 300. A nan aka kulle 'yan gwagwarmaya irin su Herbert Macaulay da Michael Imoudu da Awolowo. An rushe shi, a 2010 aka mai da wurin Freedom Park, ana kiɗa ana ɗaukar hoto, sai ka ce da bangon aka rushe zaluncin. Gidan yarin Ikoyi fa? An gina shi a 1955 domin mutum 800, amma a Disambar 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni 5 a ɗaki guda, akwai sama da 3,000 a ciki. A shekarar aka yi dokar da ta sauya wa gidajen yari suna, wai gidan gyaran hali. Halin wa ake gyarawa, alhali wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba? Kuɗin abincin fursuna a wuni aka ɗaga daga naira 750 zuwa 1,125. Wanda ya amince da wannan, ya zo kasuwar Mile 12 ya nuna mana yadda ake cin abinci sau uku da shi.

Su kuma manyanmu na unguwannin Hausawa na Alaba Rago da Idi-Araba, masu tara mu duk lokacin zaɓe, ina suke? Wanda ya saci biliyoyi ana ba shi beli ya tafi asibiti Landan, ɗan talaka kuwa ba mai ko buɗe fayil ɗinsa. In yaran nan sun yi laifi a kai su gaban alƙali, in ba su yi ba ku sako mana 'ya'yanmu!