Na biya dubu 45 an cire min tsaron mota, an bar ni da jiniya

Jama'a ku taya ni ji, don in ban amayar da abin nan ba yau barci ba zai yiwu ba. Kwana tara kenan da na kai Corolla ɗina 'yar 2009 aka sa mata alam, yau da rana kuma wanda ya yi aikin ya kalli tsabar idona ya tambaye ni wai ni na ƙera motar.

Tsoro ne ma ya kai ni. Watan jiya aka ɗauke motar maƙwabcinmu a wajen ɗaurin aure, ya shiga masallaci bai fi minti goma ba ya fito sai fili, har yau shiru kamar an aiki bawa garinsu. Uwargida ta tasa ni gaba sai na sa alam. Na je, kaya da kuɗin aiki dubu 45. Ranar nan Alhaji nake. Alhaji ga benci, Alhaji a kawo lemo? Abu ɗaya na roƙe shi har sau uku, na ce dan Allah kar a taɓa tsaron kamfani, wato wanda motar ta zo da shi, a ƙara min jiniya kawai. Ya ce an gama Alhaji, kawo sifiyan makulli zan saita rimot. Na miƙa masa na tafi sallar la'asar, ashe wuƙar yanka ni na miƙa.

Tun daren farko aka fara. Adaidaita sahu ya wuce, jiniya. Maƙwabci ya tada janareta, jiniya. Ƙarfe biyun dare mage ta hau bonet na fito daga ni sai singileti da tocila, maƙwabta na leƙe ta taga. In na buɗe ƙofa da rimot ɗin kamfani sai ta hau ihu kamar ni ne ɓarawon, dole sai da nasu rimot ɗin. Kwana biyu ban tada ta ba batir ya kwanta. Shekaranjiya kuma a gidan mai ta ƙi tashi gaba ɗaya, ga layi a bayana kowa ya danne hon, wani har yana cewa in ba ta da lafiya a kai ta asibiti mana.

Wani yaro mai wayarin, ƙanin abokin aikina, shi ya kwance murfin ƙasan sitiyari ya ce Yaya zo ka gani. Ku da kuke da irin motocin nan kun san akwai ɗan cif a kan makulli, sannan akwai zobe a bakin inda ake zura makullin, shi ke karanta cif ɗin ya gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, cewa mai ita ne, in ba haka ba ko makullin ya murɗa mota ba za ta kama ba. Imobilaiza kenan, ita ce 'yar jar wutar nan mai ƙiftawa a dasbod in ka zare makulli. To mutumin nan ɓare sifiyan makullina ya yi, ya ciro cif ɗin, ya manna shi a jikin zoben da baƙin salatif, ya mayar min da ɓawon makulli. Saboda me? Saboda alam ɗinsa mai tada mota daga nesa ne, abin da ban ce ina so ba, kuma akwai 'yar na'urar da ake haɗawa don a yi hakan ba tare da an kashe imobilaiza ba, shi kuma ba zai saya ba. Ƙin tashin nan ma cif biyu ne ke haɗuwa a zobe ɗaya suna rikita shi. Wayoyi kuwa an yanke an murɗe da hannu, ba dalma, ba fis, wata ma da ledar fiya wata aka naɗe ta, dab da rawayar wayar iyabag.

Yaron ya ce kar mu cire tukuna, je ka nuna masa. Na ɗauki wani makulli zalla da na taɓa yankawa a kasuwa don buɗe ƙofa kawai, na nufi shagon.

Na same shi a kan benci yana cin gyaɗa yana kallon waya. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Yau na sauka daga Alhaji.

"Malam lafiya?"

Na ce Oga motar da ka sa wa alam ce.

"Ba ta tashi ne?"

Na ce tana tashi, matsalar kenan, da kowane makulli take tashi. Na shiga na zura makullin nan da ba cif, na murɗa, ta kama tas. Na fito ina jiran ya ji kunya. Ya ɓare gyaɗa, ya hure ɓawon, sannan ya ce:

"To ka gani. Ai gata na yi maka, yanzu ko makulli ya ɓata ba sai ka kashe kuɗin kwamfuta ba."

Gata! Na ce Oga ba sau uku na ce kar a taɓa tsaron kamfani ba? Sai a nan ya ajiye wayar. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya juya wajen yaransa yana murmushi.

"Bawan Allah, kai ka ƙera motar? Shekara ashirin ina wannan aikin. Manyan motoci ake kawo min nan, ba irin wannan ba."

Yaran suka kwashe da dariya. Daga Alhaji zuwa Malam zuwa bawan Allah cikin kwana tara, da na ƙara minti biyar ƙila sai na koma kai yaro. Da na ce a gyara ko a ba ni kuɗina, sai ya koma wa'azi, wai ai tsaro na Allah ne, in an ƙaddara za a sace ko a uwar ɗaka ka sa ta. Na ce haka ne, amma ai cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kai kuma kwance min shi ka yi ka rataya masa ƙararrawa. Ya ce shi ba ya son dogon turanci, ya mayar da kai kan waya.

Kuma wallahi ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa abin ke ƙona min rai. Shekara nawa muna haka? Ka kai mota tana zafi, a cire tamostat a jefar a haɗa fanka dairek. Wutar cek ta kama, a rufe ta da salatif a ce an gyara. Ka bar ta kwana ɗaya a gareji, a kwashe indomin salansa, abin nan mai tace hayaƙi, a sayar, sai ka ji tana gurnani kamar injin markaɗe. Duk abin da ba su gane ba sunansa "ba ya yi a ƙasar nan", maganinsa almakashi.

Wa zai hana? Duk wanda ya sayi filaya da tasta ya samu inuwar bishiya ya zama injiniya, ba mai tambayarsa takardar gwajin sana'a. Motoci sun koma kwamfuta, makarantun koyon sana'ar da ya kamata su koya wa yaranmu wannan kuwa ku je ku ga halin da suke ciki. Amma ni a titi kullum sai an tsayar da ni an ƙirga takardu. Inshorar dole daga dubu 5 ta koma dubu 15 a Janairun 2023, kuma ko an sace motar sisi ba za ta ba ka ba. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar man da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Motar da ka saya da tarin shekaru, in ta tafi yau albashin shekara biyu ba zai mayar maka da ita ba. Kai za ka haƙa rijiya, kai za ka sayi sola, kai za ka biya ɗan sintiri, yanzu kuma kai za ka koyi wayarin don kar a cuce ka. To su hukumomi aikin me suke yi?

Da yamma yaron nan mai wayarin ya ɓanɓare cif ɗin ya mayar cikin makullinsa, ko minti goma bai yi ba, muka gwada makullin zalla ta ƙi kamawa, 'yar jar wutar na ta ƙiftawa abinta. Wayoyin da aka yanka sai Asabar, da wani kuɗin. Jiniyar mun zare ta, na sayo kwaɗon sitiyari a Ƙofar Ruwa.

Ina cikin rubuta wannan saƙo ya shigo. Ogan ne. Lambar akawun ya turo, wai akwai cikon dubu biyar na kuɗin aiki da yaronsa ya manta bai karɓa ba.