Matasa Masu Rubutu, Ku Zauna da Dattawanku Tun Suna Raye

'Yan uwana matasa masu riƙe da alƙalami, ina so ku san labarin Pauline Johnson, mawaƙiyar ƙabilar Mohawk ta ƙasar Kanada, wadda ake kuma kira Tekahionwake. An haife ta a 1861 a yankin Six Nations na lardin Ontario. Mahaifinta basaraken Mohawk ne, mahaifiyarta kuwa Baturiyar Ingila. Daga 1892 ta shiga yawon karanta waƙoƙinta a gaban jama'a, har sunanta ya kai Landan.

Duk da wannan ɗaukaka, akwai abin da ya tsaya mata a rai. Kakanta John Smoke Johnson gwanin magana ne, kuma tun tana ƙarama yakan ba ta labarai ita da 'yan uwanta da harshen Mohawk, wanda take ji amma bakinta bai faɗa sosai ba. Ya rasu a 1886, tana da shekara 25, kuma a ƙarshen rayuwarta ta yi da-na-sanin rashin kwasar abin da ke kansa. Shekara 25 ba yarinta ba ce. Shekarun da yawancinku kuke ciki ke nan, kuna ganin tsohon gidanku kullum kuna cewa sai gobe.

Da dama ta sake zuwa mata, ba ta yi sake ba. A 1906 ta haɗu da Joe Capilano, shugaban ƙabilar Squamish ta yankin birnin Vancouver na Kanada, a Landan, kuma da ta koma Vancouver da zama a 1909 ta riƙa sauraron labaran mutanensa tana rubutawa. Capilano ya rasu a 1910, littafinta na waɗannan labarai, Legends of Vancouver, ya fito a 1911, ita kuma ciwon daji ya yi ajalinta a 1913. Da ta jinkirta ko kaɗan, da babu wannan littafi.

Ita alƙalami da takarda kawai gare ta, ku kuwa wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ku durƙusa gaban kaka ku tambayi kirarin gidanku da asalin sunan unguwarku, ku bar ta ta faɗa da bakinta ba tare da kun gyara mata Hausa ba. Idan kun zo wallafawa, ku ambaci kowa da sunansa, domin matar Capilano, Mary Agnes, ita ma ta ba da wasu labaran, amma sunan mijinta aka fi sani.