Alhaji da sabon injin ban ruwa

Lambu ne a bakin kogin Binuwai kusa da Garwa. Alhaji ɗan birni ya sayi inji sabo fil, Baba mai lambu na tsugune a gefe yana kallon ikon Allah.

Alhaji: Baba zo ka gane min, tumatirin nan butulu ne wallahi, safe ruwa rana ruwa dare ruwa amma ganye sai rawaya yake yana langaɓewa.

Baba: Alhaji lambu ne wannan ko reshen madatsar Lagdo ka buɗe mana? Ji kwaɗi fa.

Alhaji: To ba ƙishi ke sa shi yaushi ba?

Baba: Shaƙewa ce ranka ya daɗe. Saiwa ma numfashi take, in ruwa ya kwanta a laka iska ba ta shiga sai ta ruɓe, ga ruwa har wuya amma ba bakin sha.

Alhaji: Ai shi ya sa wancan ɓangaren na sa shi azumi, sati guda ko ɗigo.

Baba: Yana cikin fure? A zafin Maris ɗin nan da ke haura digiri 40? Ashe kai ka zubar da furen, ni ina ta zagin tsuntsaye.

Alhaji: Amma na yi masa buɗa baki mai kyau, wuni guda inji na aiki.

Baba: Ga sakamakon nan. Ɗaga wannan, ya tsage, ya kwankwaɗi ruwa lokaci guda fata ta kasa ɗauka. Juya wancan ka ga gindinsa baƙi ƙirin, malamin gona ya ce sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan tumatirin ba, yana nan a ƙasa amma ruwa ke ɗaukarsa, kai kuma yau ambaliya gobe fari.

Alhaji: To nawa ake sayar da na'urar gwajin damshin ƙasa?

Baba: Tana hannunka. Tona kamar tsawon yatsa ka damƙi ƙasa, in ta dunƙule ba ta ɗiga ba to ya isa, in ta warwatse ba shi ruwa da sassafe ko da yamma, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa. In ƙasar jigawa ce kaɗan kaɗan akai akai, laka kuwa a bar ta ta sarara.

Alhaji: Da shaddar nan zan damƙi taɓo? Direba! Zo ka damƙa min.

Direba: Alhaji sai dai a nemo kwalekwale.

Alhaji: To injin fa Baba, duk sefar da na zuba?

Baba: Shuka shinkafa.