Na sayi rauta da kuɗina, sun riƙe makulli

Kwana huɗu ke nan ina abu ɗaya a shagona da ke Titin Bauchi, nan Jos, inda nake koya wa matasa haɗa netwok. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kwamfutocin cikin kwamfuta ne guda uku na girka a Linux da KVM, manhajar da ke ba kwamfuta ɗaya damar gudanar da wasu kwamfutoci a cikinta, ina so kowacce ta karɓi adireshinta daga rauta kai tsaye, ɗalibai su riƙa shiga daga laftof ɗinsu. Gada ake haɗawa, wato saitin da ke jona kwamfutocin nan da netwok ɗin rauta kai tsaye, shi ke nan. Da ta waya ce, kafin shayi ya huce an gama.

To ramin waya ɗaya tilo da ke bayan rautar da kamfanin intanet ɗin nan ya sayar min a mace ya zo. Dole sai Wi-Fi. Na ce a saka wlan0, wato katin Wi-Fi na kwamfutar, cikin gada, Linux ta ƙi, kuma ban ga laifinta ba. A ƙa'idar Wi-Fi, wato 802.11, saƙon da kwamfuta ke tura wa rauta adireshi uku kaɗai yake ɗauka, ba gurbin lambar MAC (lambar shaidar katin netwok) ta baƙuwar kwamfuta irin waɗannan da na girka, rauta kuwa ba ta sauraron wanda bai yi rajista da ita ba. Akwai mafita, tsarin adireshi huɗu da ake kira 4addr, amma sai ɓangarorin biyu sun kunna. Na kunna nawa. Na shiga shafin saitin rauta, wallahi ban da suna da kalmar sirri ba abin da suka bar min in taɓa. Kayan da na biya!

Na kira su sau uku, amsa ɗaya: “Oga, ka kashe ka kunna.” Da ƙyar suka turo wani yaro, ya leƙa allo, ya ce, “Malam, ka koma Windows mana.” Ya karɓi kuɗin keke ya tafi. Ni ban ma ji haushinsa ba, waɗanda suka turo shi nake ji.

Yanzu kwamfutocin na maƙale a bayan NAT, wato suna ɓoye a bayan adireshin babbar kwamfutar, suna fita intanet amma ba mai iya shigo musu. Na lallaɓa da parprouted, wata manhaja mai kwaikwayon gada, ya ɗan yi aiki, aka ɗauke wuta, rauta ta tashi ta canja min adireshi, komai ya watse ɗalibai na zaune suna kallona.

Gobe da safe rautar na cikin leda, ofishinsu zan nufa. Ko su buɗe saitin, ko su ba ni kuɗina.