Da ku nake, samarin Tahoua masu ƙarfi a jika

Ƙannena, musamman masu dako a tasha da masu ɗaga ƙarfe da yamma bayan unguwa, ku ba ni aron kunnuwanku.

Makon jiya na je gaida yaron maƙwabtanmu. Kwana uku yana lodin buhunan albasar Galmi, kullum da safe sai ya kora tramol da shayi don kar ya ji gajiya. A rana ta huɗu ya cicciɓi buhu, sai ya ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannunsa. Na tarar da shi kwance bisa tabarma, ƙwanjin ya dunƙule ya haura sama kamar curin fura, wurin ya tara jini ya yi baƙi. Mahaifiyarsa na zaune tana yi masa fifita, ta ce da ni: "Malam, shi ke kawo mana na cefane." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Tsokokin da ke motsa ƙasusuwan mutum sun haura 600, kuma a jikin namiji sukan kai wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turi. Shi ya sa Allah ya yi su bibbiyu: ƙwanji ya lanƙwasa hannu, ta bayan damtse ta miƙe shi. Ka dafa damtsenka ka gwada, za ka ji ɗaya ta yi tauri ɗayar ta saki. Kowace kuma an ɗaure ta ga ƙashi da farar jijiya mai tauri, irin agarar da ke bisa diddige. Ita wannan jijiyar jini kaɗan ke ratsa ta, don haka in ta tsinke takan ɗauki watanni ba ta warke ba, wani lokaci ma sai an yi aiki an ɗinke ta.

To ciwon da kake ji in ka yi aiki ya wuce kima, ɗan aike ne daga tsoka yana ce maka ka sauke. Tramol ba ya ƙara maka ƙarfi ko na sisi. Kunnen ƙwaƙwalwa yake toshewa, ɗan aike ya yi ta sallama ba mai amsawa, kai kuwa kana ta lodi. Ban da kamu da yake yi, in ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Har hanji yana shafa, domin shi ma tsoka ke tura abinci cikinsa, shi ya sa masu sha ke fama da taurin bayan gida.

Masu shan deksa don su yi jiki, ku naku ya fi ba ni tausayi. Fuska da ciki yake kumburawa, tsokar cinya da ta damtse kuwa cinye ta yake yi. Allurar kumbura ƙwanji kuma tana iya kaurara tsokar zuciya, wadda ke bugawa wajen sau 100,000 kowace rana ba hutu.

A garin nan aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, saboda haka ba baƙo ne zai koya mana darajar ƙarfi ba. Amma tsoka ba a wurin ɗaga ƙarfe take girma ba. Can gajiyar da ita kake yi, sai ka ci ka yi barci take gyara kanta ta ƙara kauri. Ka ba ta kwana ɗaya ko biyu kafin ka sake matsa mata. Wake, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifin Tabalak in ya samu, duk kayan gininta ne, kuma kuɗin ƙwayar mako guda ya isa ya saya maka wasu. Ka sha ruwa sosai, don kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne, ga zafin bazararmu kun san shi. In za ka ɗauki buhu, ka durƙusa ka tashi da ƙarfin cinya, kar ka sunkuya ka bar wa baya.

Wanda kuma ƙwaya ta riga ta kama, kar ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ya je asibiti ya faɗa wa likita gaskiyar adadin da yake sha, ko ya zo in raka shi.