Ga masu ƙirga maƙala: ku dubi aikin Jennifer Clack

Ƙannena da ke karatun digiri na biyu da na uku, da ku da kuka fara koyarwa a jami'a, akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakaninmu wadda take damuna ƙwarai. Da an ambaci sunan malami, tambayar farko ita ce maƙala nawa ya buga, sau nawa aka ambace shi, lambarsa nawa a Google Scholar. Da wuya ka ji wani ya ce, shin me ya gano? Har ta kai mutum ya yayyanka bincike ɗaya gida huɗu don ya fito da maƙala huɗu, ko ya biya wata mujallar da ba ta da masu tantancewa ta buga masa cikin mako guda, ko a yi ta musayar suna, ka sa ni a taka in sa ka a tawa. Na san matsin da kuke ciki. Ƙarin girma yana neman lamba, tallafin bincike ma haka, kuma ba na raina wannan. Sai dai ina so ku tsaya ku dubi yadda wata mata ta yi suna a fagenta, ku auna da hanyar da wasunmu suka ɗauka.

Jennifer Clack 'yar Ingila ce, masaniyar burbushin halittu, wato irin malaman da ke karanta tarihin dabbobin da suka shuɗe daga ƙasusuwansu da suka daskare a cikin dutse. An haife ta a Manchesta a 1947, ta rasu a watan Maris na 2020. Ta gama digirin farko kan ilimin dabbobi a Jami'ar Newcastle a 1970, daga nan ta yi shekaru tana aiki a gidan tarihi na Birmingham. Digirin digirgir ba ta kammala shi ba sai 1984, ta haura shekara 35. Wanda ke ganin an bar shi a baya don sa'o'insa sun riga shi zama dakta, ya riƙe wannan.

Abin da ta yi aikin digirin a kansa ma ba sabon tono ba ne. Ƙasusuwan wata dabba ce mai suna Pholiderpeton, da aka samo a mahaƙar kwal kusa da Bradford, wadda masanin halittu Thomas Huxley ya yi bayaninta tun 1869. Fiye da shekara 100 dutsen yana ajiye, kowa na ganin an gama da shi. Ita ta zauna ta ƙara feƙe shi, sai ga ɗan ƙashin kunne a ciki wanda ba wanda ya lura da shi. Daga wannan ɗan ƙashi ta shiga nazarin yadda dabbobin farko masu ƙafa huɗu suke ji, kuma ba ta rabu da wannan tambaya ba har ƙarshen rayuwarta.

Babban labarin ya fara ne a tsakiyar shekarun 1980, tana aiki a gidan tarihin dabbobi na Jami'ar Kambirij. A sashen ilimin ƙasa na jami'ar akwai wasu duwatsu a aljihun kabad, waɗanda wani ɗalibi, John Nicholson, ya kwaso daga gabashin Girinlan a 1970. Shi yanayin duwatsun yake nazari, ƙasusuwan ba su ne gabansa ba. Da Clack ta duba, sai ta gane kawunan Acanthostega ne, ɗaya daga dabbobin farko masu ƙafa huɗu, wadda masani ɗan Suwidin Erik Jarvik ya raɗa wa suna a 1952 daga 'yan gutsattsarin ƙoƙon kai kawai. Abin da ya sa ta iya bin sawu shi ne Nicholson ya rubuta a littafinsa na fili inda ya tsinci kowane dutse, a jikin tsaunin Stensiö Bjerg. Ku lura da wannan da kyau. Ɗalibin da ya rubuta wuri a takarda bai san wa zai buƙace shi ba bayan shekara 15. Ku da kuke tattara samfur ko bayanai, kuna barin su ba kwanan wata, ba wuri, ba suna, a wata kwamfutar da gobe za ta iya lalacewa, kun san me kuke zubarwa?

A 1987 ta tafi Girinlan tare da mijinta Rob, da ɗalibinta Per Ahlberg, da abokan aiki daga Denmak. Suka dawo da duwatsu masu shekara kusan miliyan 365. Sai aikin da ba a ɗaukar hotonsa ya fara. Dutsen yana da tauri, ƙashin da ke ciki kuma ba ya jure wasa, don haka da allura ake ɓantare shi, ƙwaya bayan ƙwaya, a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ana iya shafe watanni a kan gaɓa ɗaya. In akwai inda mai haƙuri ya dafa dutse, to nan ne.

Kafin wannan lokaci, littattafan koyarwa sun tafi a kan cewa dabbobin farko masu ƙafa yatsu biyar gare su, kuma ƙafar ta samu ne don tafiya a tudu. Alfred Romer na Jami'ar Harvard ya yaɗa bayanin cewa kifi ne ke jan ciki daga tafkin da ya ƙafe zuwa wanda ke da ruwa. Da Michael Coates, wanda ke aiki tare da Clack, ya buɗe hannun Acanthostega, sai ya ƙirga yatsu takwas. A ƙafar baya ta Ichthyostega kuma, wata dabba mai ƙafa huɗu ta zamaninta, bakwai. Suka buga wannan a mujallar Nature a 1990, cikin 'yan shafuka kaɗan. A 1991 suka biyo da wata, inda suka nuna cewa dabbar tana da ƙasusuwan gaɓar da kifi ke numfashi da ita a cikin ruwa. Haƙarƙarinta gajeru ne, hannunta ba shi da wuyan hannu da zai ɗauki nauyin jiki, wutsiyarta kuma mai fiffike ce irin ta masu iyo. Ma'ana, ga ƙafa da yatsu a jikin dabbar da rayuwarta ta ruwa ce. Dole aka sake rubuta wannan babi a littattafan jami'o'in duniya.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne sun ƙirga abin da ke gabansu. Malamai manya sun ce biyar, dutse ya ce takwas, suka rubuta takwas. Mu nawa ne, in sakamakon gwajinmu ya saɓa wa abin da ke cikin littafi ko abin da mai duba aikinmu yake so, za mu bar shi yadda ya fito? Na ga waɗanda ke ɗan taɓa lambobi don jadawali ya yi kyau, suna cewa ai gyara ne. Ba gyara ba ne, ha'inci ne, kuma mai yin haka ya toshe wa kansa ƙofar gano komai, domin sabon ilimi yakan ɓoye ne a daidai wurin da sakamako ya ƙi bin abin da aka zata.

Kada kuma wani ya fahimci cewa ina yabon jan ƙafa. Ƙasusuwan Ichthyostega sun koma hannun Jarvik a Stockholm bayan rasuwar Gunnar Säve-Söderbergh, wanda ya fara nazarinsu, a 1948, amma cikakken littafinsa a kan dabbar bai fito ba sai 1996, kuma da yatsu biyar ya zana ta. Jarvik gwani ne, ba mai musun haka, amma kusan shekara 50 fagen yana jira. Clack kuwa shekara 3 bayan dawowa daga Girinlan ta fitar da abin da ta tabbatar, ta ci gaba da fitar da sauran gaɓa gaɓa, ta kuma bar wasu su zo su duba. Wanda ya rufe bayanansa a aljihun tebur don kada a riga shi, da wanda ya buga abin da bai nuna ba, dukansu sun cuci masu zuwa.

Ta sake yin irin wannan a 2002. Akwai wani dutse da aka samo kusa da Dumbarton a Sikotlan a 1971, aka rubuta masa kifi, aka ajiye a gidan tarihi na Hunterian da ke Glasgow. Da aka feƙe shi sai ga ƙafafu, kuma ƙafar a miƙe take tana fuskantar gaba, irin ta mai taka ƙasa. Dabbar ta fito ne daga wani zango na kusan shekara miliyan 15 bayan zamanin Acanthostega, wanda ake kira giɓin Romer saboda ƙarancin burbushin da aka samu daga cikinsa. Clack ta sa mata suna Pederpes finneyae. Finney ɗin nan ita ce Sarah Finney, ma'aikaciyar da ta yi shekaru tana riƙe da allura tana fito da ƙasusuwan. Sunan dabba a kimiyya ba ya gogewa, don haka duk wanda zai rubuta sunan wannan halitta sai ya rubuta na Sarah. Ku kwatanta da yadda wasu ke yi wa ma'aikatan ɗakin gwaji da ƙananan ɗalibai: su yi wahalar, sunansu ko a layin godiya babu, amma an sa sunan wani babba da ko samfurin bai gani ba. Wallahi wannan zalunci ne, kuma ku da aka yi wa shi jiya ne nake tsoron ku yi wa wasu gobe.

Karramawa ta zo daga baya. Littafinta Gaining Ground ya fito a 2002, aka sake buga shi da ƙari a 2012. An zaɓe ta cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 2009. Ba zan daɗe a nan ba.

Game da lambobin da muke bauta wa, ku san asalinsu. Ma'aunin h-index, wato lambar da ke haɗa yawan maƙalun malami da yawan ambaton da aka yi musu, wani masanin fiziya ne, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005, kuma shi kansa ya yi gargaɗi cewa lamba ɗaya ba za ta iya auna mutum gaba ɗaya ba. Fagen da ke da masu bincike 'yan ɗaruruwa ba zai taɓa tara ambato kamar fagen cutar daji ba, ko da aikinsa ya fi inganci. A 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna kira a daina auna malami da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin da kansa. Ku cika sharuɗɗan ƙarin girma, ba wanda ya ce ku ƙi. Amma cikin maƙalunku a samu wadda za ku iya tsayawa gaban masanin fagen ku kare kowane layi nata.

Tasirin Clack na gaske yana wurin mutanen da ta horar. Coates ya zama farfesa a Jami'ar Shikago, Ahlberg kuma a Uppsala ta Suwidin. A 2010 Ahlberg yana cikin waɗanda suka buga labarin sawun ƙafafu da aka gano a wata mahaƙar dutse a Zachełmie, ƙasar Folan, masu shekara kusan miliyan 390, wato sun girmi Acanthostega da miliyoyin shekaru. Wannan ya dagula jerin lokutan da fagen ya saba da su, har da wanda aikin malamarsa ya taimaka aka gina. Ta koya masa ƙirga abin da ya gani, ya kuwa ƙirga. Ita ma ba ta tsaya kare tsohon matsayi ba. A 2012, tana da shekara 64, ta jagoranci sabon aikin tono a kudancin Sikotlan don cike giɓin Romer, kuma a 2016 ita da abokan aikinta suka bayyana sababbin dabbobi 5 masu ƙafa huɗu daga zangon da aka daɗe ana cewa babu komai a cikinsa.